Akori-kura Mai Gas da Gonar Kuka

Dayi, ta Malumfashi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Gobe da safe za ka kwashe iyalinka ku koma Dandume, na kuma ce wa Innarka ta cusa wannan takarda cikin jakar kayanka don ka same ta bayan kun sauka kun huta. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ka a hanyoyin da za ka riƙa bi safe da yamma, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Allah ya sa mutanen garin su karɓe ka hannu biyu.

Na zaɓi rubutu ne don na san halinka, na kuma san nawa. In na kira ka zaure za ka durƙusa ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba," har sau goma, sannan ka tashi ka yi abin da ka riga ka ƙudurta. Ni kuma kafin in kai tsakiyar magana raina ya ɓaci, murya ta tashi, maƙwabta su ji abin da bai shafe su ba. Gara in zauna in rubuta.

Na ji abin da kuka ƙulla kai da Baffanka Lawal. Abin da ka tara a shekarun nan zai saya maka akori-kura mai shan fetur, ta hannu, mai lafiya, ka fara jigilar hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dandume kamar yadda ka yi niyya. Amma ranka ya kwanta a kan mai shan gas, wanda ku 'yan boko kuke cewa dizal, kuma hannunka bai kai ba. Shi ne za ka sayar da gonar kuka ka cike. Ranar Juma'a Baffan naka zai kawo mai saye su taka iyaka. Ba ku gaya mini ba. A ƙofar masallaci na ji, daga bakin mutumin da ya ɗauka na sani, yana taya ni murna ɗana zai yi babbar mota. Na ce masa na gode.

Gonar taka ce. Ni na ba ka ita a gaban shaidu ranar ɗaurin aurenka, kuma ba zan yi amai in lashe ba. Ba ni da ikon hana ka. Amma ina da ikon faɗa maka abin da na sani, kuma sai ka karanta shi har ƙarshe ko ranka ba ya so.

Na san abin da Baffanka ya gaya maka a kaina, wai ina tsoron mai gas ne don ta taɓa kayar da ni. Bai yi ƙarya ba. Ta kayar da ni, faɗuwar ma ba ƙarama ba. Sai dai shi a gidan gaba kawai ya san ta, yana zaune ya fito da gwiwar hannu ta taga yana gaisa da mutane. Ni daga ƙarƙashi na san ta, ina kwance kusa da bakanike baƙin mai na ɗiga mini a riga. Kana ɗan shekara shida lokacin, abin da za ka iya tunawa bai wuce ƙararta ba.

Ƙarar ce ma ta ja ni. Kuskurena na farko ke nan, da kunne na sayi mota. Auduga ta yi mini kyau a shekarar, na shiga Funtua aljihu da nauyi, niyyata mai fetur. Ina cikin dubawa aka tayar da wata mai gas a gefena. Abba, har cikin ƙirjina na ji ta. Nan take na hango kaina ina shigowa Dayi, majalisa ta yi tsit, kowa ya waiwayo tun kafin in sha kwana. Mai sayarwar ya ga idona, ya matso ya ce lita ɗaya tana kai ta inda mai fetur ba ta zuwa, injinta ya fi daɗewa, kuma ko a taɓo ba ta jin nauyin kaya. Duk gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya yi mini ƙarya a wurin. Ni ne ban yi wa kaina tambayar da ta kamata ba, wato ina za ni da ita.

Mai gas motar doguwar hanya ce. Wanda ke ɗaukar kaya daga nan zuwa Kudu, ya dawo ya sake lodi, rani da damina, shi ke cin amfanin ƙarancin shanta, domin kowace tafiya tana rage masa wani abu daga tsadar da ya saye ta. Ni fa? Daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa. Kafin injin ya gama ɗaukar zafi na iso na kashe. Watannin kaka kaɗai take aiki, sauran shekarar tana gindin dogonyaro kaji na fakewa a ƙarƙashinta. Amma takardunta ba su san tana hutu ba, batir ma bai sani ba, tayoyi kuma suna tsagewa a zaune. In lokacin canjin baƙin mai ya zo, ta fi mai fetur sha nesa ba kusa ba, ga filtocinta da ba a samu a Malumfashi sai an aika. Ana cikin haka gas ya tashi ya wuce fetur ya yi zamansa a can sama. Ɗan abin da nake taƙama da shi na ƙarancin sha, tsadar man ta haɗiye shi.

Saboda haka kafin ka tambayi mota me take sha, ka auna hanyarka. Na san aikin da za ka yi. Daga ƙauye zuwa kasuwa ne, buhu goma sha wani abu, ka sauke ka koma. Hanyata ce ta da, sunan garin kawai ya canza. Motar da kake so za ta tsufa a hannunka ba ta maido maka da bambancin kuɗinta ba.

Kuskure na biyu ya fi ban dariya, in ba kai ya faɗa wa ba. Fetur kana samunsa ko'ina a ƙasar nan. Kowane ƙauye akwai ɗan bumburutu a bakin hanya da galan da mazurari, saboda masu babura. Gas kuwa sai gidan mai na cikin gari, ko wajen masu injin niƙa da tarakta, su kuma nasu a duro yake, ba ka san ko ruwan sama ya shiga ba ko an gauraya shi da kananzir. Sai na ga ai ni mai dabara ne. Na sayi jarka biyu ina cikawa a Malumfashi, ina cusa su a baya tsakanin buhuna don kada su yi ta kaɗawa. Na yi haka kusan kaka biyu lafiya lau, har ina koya wa wasu.

Ranar da za ta ɓaci, murfin ɗaya bai zauna ba, hanya kuma duk ramuka. Na isa kasuwar Dandume da masara fara ƙal, mafi kyawun da na taɓa nomawa. Mai saye ya soka ƙarfen ɗibar hatsi cikin buhu, ya watsa 'yan ƙwayoyi a baki, ya tauna sau biyu ya tofar. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, a wane gidan mai aka noma wannan?"

Wurin ya ɗauki dariya. Na ce masa buhu biyu ko uku ne na ƙasa suka taɓu, ya duba na sama.

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Hancina ya riga ya ɗauka. Yanzu ko turare ka kawo mini, gas zan ji."

Kafin azahar labari ya zaga layin masara kaf. Har masu sayen abincin kaji suka ƙi ta. Haka na sake lodinta na dawo gida, na ƙona mai zuwa da dawowa a banza. Innarka ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa da toka, warin yana nan. Ita muka ci har ruwa ya sauka. Kai ma ka ci rabonka, kana kuka kana cewa tuwon na warin mota. Innarka ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta ajiye mini kwano ta ce, "Alhaji, tun da motar nan ta shigo gidan nan ita ke ci muna kallo. To, yau ga shi ta sam mana nata."

Na cinye tuwona. Kada ka taɓa haɗa mai da abinci a bayan mota, ko na minti biyar ne. Kuma ka sani, nisan da ke tsakaninka da inda ake sayar da man motarka yana cikin tsadarta, ko da yake mai sayar da mota ba zai faɗa maka ba.

Yanzu na zo kan wanda ya karya ni. Wannan ko Baffanka bai san shi ba. Innarka kaɗai ta sani, kai ne na biyu.

A garuruwanmu akori-kura ba ta mutum ɗaya ba ce, ko sunansa ne a takarda. In an yi rasuwa ita za ta ɗauki makara. In haihuwa ta zo da gardama ita za ta kai asibiti. In za a kai kayan ɗaki ko gara, ƙofarka za a fara tsayawa. Ba a karɓar ko sisi a irin wannan, wanda ya karɓa ya gama zama da mutane. Abin da aka saba shi ne mai aro, in yana da mutunci, ya zuba mai kafin ya dawo da ita, ba tare da an ce masa ba, ba tare da shi ma ya yi ta faɗa ba. Ka san haka, a cikinsa ka tashi.

Ana tsakiyar girbin masara matar marigayi Liman Audu ta kwanta ciwo. Ka tuna shi, shi ya raɗa maka suna. Lokacin yana raye, ya zo da kansa da hantsi ya ce a taimaka masa da mota zuwa asibitin Malumfashi, ƙanensa zai tuƙa, ya iya. Ina cikin gona da ma'aikata, ba halin in bar su. Na miƙa makulli. Har ya juya zai tafi na buɗe baki zan ce, "Malam, gas take sha, ba fetur ba." Sai na haɗiye. Ka san dalili. In ka ambata wa mai aro irin man da motarka ke sha, kamar ka ce masa ne kada ya manta ya zuba maka. Ta yaya zan yi wa Liman maganar mai, matarsa na kwance? Sannan ga girman kai, ina ganin duk Dayi babu wanda bai san motata mai gas ce ba, ai ana jin ta tun daga bakin titi. Na ce, "Allah ya ba ta lafiya, Malam," na koma bakin aiki.

Da la'asar suka dawo, matar ta sami sauƙi. Ashe dab da shigowa gari Liman ya ce a tsaya wajen ɗan bumburutu, ya kwance bakin aljihunsa ya sa aka zuba galan-galan na fetur har tanki ya cika. Talaka ne, ban san me ya hana kansa ba kafin ya yi wannan. Ɗan guntun da ya rage zuwa gida ta kawo su lafiya da sauran gas ɗin da ke cikinta, suka ajiye ta a gindin dogonyaro.

Washegari na yi lodi har sama na kama hanyar Funtua. Na ga allurar mai a cike, har na yi wa Liman addu'a a zuciyata. Ban yi nisa ba injin ya fara wani irin bugu kamar ana daka a turmi, hayaƙi fari ya turnuƙe, ta mutu. A nan na ƙara wata wautar a kan ta farko. Maimakon in tsaya in shinshina tanki, sai na yi ta murɗa makulli, na tara mutane aka tura, ta tashi ta ɗan yi gaba ta sake mutuwa, aka sake turawa. Da hannuna na ƙarasa ta.

Bakaniken Malumfashi ya buɗe gaba, ya leƙa, ya rufe, ya ce shi fetur ya koya. Na Funtua ya shinshina tanki ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Na ce ni ne. Ya ce famfon man da bakunan da ke fesa shi duk sun tafi, kuma ba ya jin injin ma ya tsira, sai dai Zariya. Aka ja ta zuwa Zariya. Can aka ce kayan sai Kano. Aka kawo ba su zauna ba, aka mayar. Ni kuwa ina tsakanin gareji da Dayi a motar haya, masarata tana zube a gona, gara da ɓeraye na biki, ina biyan motocin wasu su kwashe mini abin da ya saura. Kakar ta wuce motar na kwance ciki a buɗe.

Ana cikin haka Liman ya zo zaure ya yi mini jaje. Ya ce, "Alhaji, na ji motarka ta sami matsala. Ina fatan ba a hannunmu ba ne. Mun ma cika maka tanki, don kada a ce mun ci amanar aro."

Na dubi fuskarsa, mutumin da ya yi mini alheri iyakar saninsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na gani, na gode. Tsufa ne na inji, ba ruwanku."

Har ya koma ga Allah bai sani ba, kuma ban yi nadamar wannan shirun ba. Shirun farko nake nadama, wanda na yi a gona. Allah ya jiƙan Liman, ba shi da laifin komai.

Da gyara ya cinye abin da ke hannuna, ya cinye bijimaina biyu, aka ce saura kaɗan ta tashi. Kullum saura kaɗan. Na ce ba zan bar ta a garejin mutane a yi mini dariya ba. Na sayar da fadamar da na gada wajen mahaifina, wanda kake ɗauke da sunansa, dalilin da ya sa har yau bakina ba ya iya kiran sunanka na yanka. Motar ta tashi, na shigo da ita Dayi tana ruri, majalisa ta waiwayo kamar yadda nake so. Bayan shekara biyu na rabu da ita da araha, domin masu sayen mai gas ba su da yawa a ƙauye, kuma duk wanda ya zo ya riga ya ji an taɓa buɗe injinta. Ban san inda take ba yanzu, wataƙila an yanka ta an yi murhun gawayi da ƙarfenta. Fadamar kuwa tana nan inda take. Kowane rani nakan wuce ta in ga albasa da tumatir sun yi shar, in yi wa mai ita sannu da aiki, ya amsa daga cikin ƙasar ubana. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, kuma har yau ƙirjina yana zafi.

Ba cewa nake ka daina ba da aro ba. Ba za ka iya ba, kuma in ka iya ba ni na haife ka ba. Cewa nake ka sa aron cikin tsadar motar tun kafin ka saya, domin a Dandume ma ana mutuwa ana haihuwa. Motarka za ta shiga hannun mutanen da ba su san ta ba, masu kyakkyawar niyya, waɗanda ba za ka iya kai su gaban kowa ba in ta lalace. Ka sayi wadda za ta jure wannan. Kuma kowace ka saya, ka buɗe baki ka faɗi abin da ya kamata a faɗa, ko a gaban wa. Kunyar minti ɗaya ce ta ci mini fadama.

Kada ka ɗauka mai fetur waliyyiya ce. Da na koma mata, da hannun mai gas na riƙe ta, wannan ma kuskurena ne. Na yi mata lodin da ya fi ƙarfinta na ƙona kuloci a hawan da ke bayan gari. Wata damina ta kafe a taɓo, sai da aka ɗaura mata shanun huɗa suka ja ta, rabin gari na kallo. Sha kuwa tana sha, in ta ɗauki kaya kamar an huda tankin, kuma tun da aka cire tallafin mai duk shiga gidan mai sai na ji a jikina. Ba zan ɓoye maka ko ɗaya ba. Amma in ta yi tari, kowane bakanike na gindin bishiya zai kwance fulogi ya goge ya mayar, kayanta suna nan a Malumfashi da Funtua, kuma ba ta taɓa wuce kwana biyu a gareji ba. Tana cizo kullum kaɗan-kaɗan, cizon da nake iya ɗauka daga cinikin ranar. Ba ta taɓa sa na taɓa ƙasa ba. In ka saye ta ka yi mata sawu biyu inda mai gas za ta yi ɗaya, kada ka ji kunyar haka.

Mutane sun yi magana, ba shakka. Aka ce Alhaji Isiyaku ya sauka, daga mai ruri ya koma mai kukan sauro. Har yau akwai masu faɗa in na wuce. Su faɗa, ko a jikina. Da mai kukan sauron na aurar da yayyenka mata, da ita na kai ka makaranta, da ita na riƙe gonar kuka har na ba ka. A cikin masu dariyar babu wanda ya je Zariya ya duba ni lokacin da nake zaune a benci a gareji. Kai ma su kake so ka burge, na sani, domin ni ma su na so in burge. Za su waiwayo ranar farko, su waiwayo rana ta biyu, daga nan sun saba.

Jiya na tare Baffanka a hanyar kasuwa na tambaye shi. Ya ce, "Yaya, zamani ya canza. Motocin yanzu ba irin taka ba ne. Ka bar yaro ya yi arziki, gona ai ko yaushe ana iya sayen wata."

Na ce masa, "Lawal, gona nawa ka taɓa gani an sayar an dawo da ita a garin nan? Kira mini ɗaya." Ya yi ta sosa ƙeya. Na ce, "Motocin yanzu kuwa sun fi tawa tsantseni. Tawa ko man duro aka zuba mata takan haƙura, na yanzu ɗigon ruwa ke kwantar da su, kuma ba a gyara su sai da na'ura." Ƙanena ne, ina son sa, amma dillali ne, kuma a cinikin nan yana da la'ada sau biyu, ta gona da ta mota. Ban ce don haka yake zuga ka ba. Na dai ce ka san da shi.

Ba gaba nake da mai gas ba, mota ce ta gaske ga mai aikinta. In Allah ya buɗa maka har ka fara kai kaya Kudu rani da damina, ka san gidan man da kake sha da bakaniken da ya san ta, kuma kana da abin da za ka tashe ta in ta faɗi ba tare da ka waiwayi ƙasa ba, to ka saye ta da guminka. Ni zan fara shiga gidan gaba, har in fito da gwiwar hannu ta taga kamar Baffanka. Amma ba yanzu ba, kuma ba da gonar kuka ba. Ranar da ka sayar da ita ka sayi motar, ba ka da komai a bayanka. Ni da tawa ta faɗi ina da wata gonar da na koma. Kai in taka ta faɗi, da mata da 'ya'ya a garin mutane, ina za ka koma?

Na ce ba ni da ikon hana ka, kuma haka ne. Amma ga abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani kamar yadda na ji naka. Yau da safe na sa an kwashe takin garken gidan nan kaf, wanda na tanada don gonata, na kai shi gonar kuka. Sawu bakwai na yi. Na zuba shi tsibi-tsibi daga gindin kukar har iyakar gabas, gwiwata na ƙara ina yi. Duk wanda ya wuce ya gani, kuma a ƙasar nan kowa ya san abin da taki a gona yake nufi. Bana ni zan noma maka ita. Abin da ta bayar naka ne har ƙwaya ta ƙarshe, ka zo da motarka ka kwasa.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, can zan wuce da fartanyata. Baffanka da mai sayensa za su same ni a ciki ina baza taki. Ba zan yi faɗa da kowa ba, ba zan ɗaga murya ba. In ka fasa, ka kira Baffanka kafin ranar. In kuwa ba ka fasa ba, kada ka aiko shi, kada ka bugo waya. Ka hau mota ka zo da kanka, ka shigo gonar, ka dube ni ka ce, "Baba, fita, na sayar." Wallahi zan saɓa fartanyata in fita, ba zan kuma yi maka baki ba. Amma sai na ji daga bakinka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya. Allah ya raya abin da ka haifa, ya sa su sami inda za su sa fartanya bayan ba mu. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan yaran.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Isiyaku